Wa Zai Kwance Jirgin? Darasin Kodin Daga Bakin Ruwan Yauri

Ka taɓa lura cewa magani ɗaya muke yi wa kowace na'ura idan ta rikice? Waya ta daskare, a kashe a kunna. POS ya ƙi fitar da rasit, a kashe a kunna. Dikodar gidan kallo ta tsaya ana tsaka da wasa, sai ka ji ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya: "Oga, kashe ka kunna mana!" Kuma sau da yawa sai ka ga ta tashi garau kamar ba ita ba.

To me ya sa hakan ke aiki? Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga cikin manyansu shi ne akwai wata manhaja a ciki da ta buɗe wani abu ta manta ba ta rufe ba, ko kuma ta rufe abin da wata ke tsaka da amfani da shi. Kashewa share allo ne kawai, a sake lissafi daga farko. Cutar tana nan kwance, gobe ma za ta tashi.

Idan kai naka danna waya ne, daga TikTok ka faɗa Facebook, babu laifi, ci gaba da kashewa da kunnawa. Amma idan kana cikin matasan da suka fara koyon kodin, ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ko a kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko a jami'ar Aliero, ko kuma kai kaɗai da YouTube da datar dare, to gyara zama. Ke ma 'yar'uwa da ke fama da laftof ɗin yayanki, da ke ake. Wata rana ku ne za a kira a ce abin da kuka haɗa ya tsaya, kuma ranar ba za ku iya cewa "a kashe a kunna" ba.

Kowace manhaja tsibirinta daban

Wanda ya tashi a Yauri ko Ngaski ko Shanga ba ya buƙatar dogon bayani a kan zaman tsibiri. Tun kafin a kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye wurare da dama, Gungawa a tsibiran Neja suke zaune, kuma har gobe duk wanda ruwa ya raba shi da kasuwa ya san abu ɗaya: in babu jirgi, babu ciniki.

Haka cikin kwamfuta yake. A tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, kowace manhaja da ke gudana tana zaune ne a nata tsibirin. Tana da nata yanki na memori, kuma ba a yarda ta leƙa na maƙwabciyarta ba. Da gangan aka yi haka, don kada ɗaya ta haukace ta ja sauran su nutse. Amma kuma dole su yi magana. Mai kula da batir tana so ta sanar cewa caji ya kusa ƙarewa. Mai kula da Bluetooth tana so ta ce an haɗa iyafis. Mai kula da netwok tana so ta ce sabis ya ɗauke.

Da a ce kowane tsibiri zai riƙa tura jirgi zuwa kowane tsibiri, da ruwan ya cika da hayaniya. Sai aka yi tasha guda a tsakiya, kamar yadda jirage ke haɗuwa a bakin ruwan Yelwa ranar kasuwa. Kowa ya kawo saƙonsa nan, sarkin tasha ya duba sunan mai shi ya miƙa masa. Wannan tashar saƙonni ita ce D-Bus. Havoc Pennington na kamfanin Red Hat da abokan aikinsa ne suka fara ta a 2002, sigar 1.0 ta fito a Nuwamban 2006. Sarkin tashar wata manhaja ce da ake kira dbus-daemon, ko dbus-broker a wasu tsare-tsaren kamar Fedora. Tashar ma iri biyu ce: akwai ta gari gaba ɗaya, inda manyan ma'aikata irin su NetworkManager da BlueZ da ModemManager ke zama, akwai kuma ta kowane mai amfani da kwamfutar, inda ƙananan sanarwa ke yawo.

Kada ka ɗauka abin na 'yan gayu masu Ubuntu ne kawai. Chromebook na amfani da ita. OpenBMC, manhajar da ke kula da lafiyar manyan saba, wadda IBM da Google da Facebook da Intel da Microsoft suka haɗu a kanta a 2018, a kan D-Bus aka gina ta. Wayarka ta Android tata hanyar daban ce, sunanta Binder, amma matsalar da za mu tattauna ita ma ba ta bar ta ba.

Yanzu ga inda maganar take. Kafin manhajarka ta shiga tasha, sai ta samu jirgi. A yaren kodin, wannan jirgi wani ɗan yanki ne na memori da ke riƙe da abubuwa huɗu: soket ɗin da ya haɗa ka da tasha, layin saƙonnin da ke jiran fita, layin waɗanda suka iso ba a karanta ba, da kuma sunanka a tasha. Da ka iso, sarkin tasha zai ba ka lamba taka kai kaɗai, irin su :1.57, kuma ba zai sake bai wa kowa ita ba muddin tashar na raye. Samun jirgin layi ɗaya ne na kodi, yaro ma zai iya. Aikin yana wajen amsa tambaya uku: jirgin na waye, wa da wa ke cikinsa, kuma wa zai kwance shi in an gama?

Gonar Kawu da turaku 256

Bari mu sauko ƙasa. Ɗauka kawunka na noman albasa na rani a fadama, ya sa famfon sola, amma gonar da nisa, ba kullum yake wurin ba. Kai kuma ka ce za ka nuna masa amfanin karatu. Ka samo Raspberry Pi, ka haɗa mata ƙaramin modem da layin waya, ka rubuta manhaja a yaren C. Aikinta: duk minti ɗaya ta duba ko ruwa na gudu, ta tambayi ModemManager ko akwai sabis, in famfo ya tsaya ta tura wa Kawu tes.

Ka gwada a ɗaki minti goma, komai lafiya. Ka ɗauki hoto ka sa a sitatus. Ka kai gona ka kunna da ƙarfe 8:00 na safe. Da la'asar sai ga kira: "Ɗana, abin naka fa shiru. Na zo na tarar famfo a tsaye, ƙasa ta bushe ƙayau, ko tes ɗaya ban gani ba."

Me ya faru? A cikin aikin da ke maimaituwa duk minti, ka rubuta sd_bus_open_system, wato "a ba ni sabon jirgi". Ka yi tambayarka, ka samu amsa, ka wuce abinka. Ba ka kwance jirgin ba. Minti na gaba ka sake karɓar wani sabo. Kowane jirgi yana nan ɗaure a tasha, ya tare turke guda.

Su kuwa turakun a ƙidaye suke. A tashar gari, in ba a canza saiti ba, dbus-daemon ba ya barin mai amfani guda ya wuce haɗi 256 a lokaci ɗaya. Yi lissafi da kanka: jirgi ɗaya duk minti, minti 256 awa huɗu ne da minti 16. Ke nan tun wajen 12:16 na rana, ana shirin azahar, sarkin tasha ya fara mayar maka da kuskure mai suna LimitsExceeded, wato ka wuce iyaka. Famfo ya tsaya da ƙarfe biyu, manhajarka ta gani sarai, amma ba ta da jirgin da za ta kai labari. Kuma ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Duk wata manhaja da ke gudana da sunan mai amfani ɗaya da taka, ita ma an hana ta turke.

Wannan shi ake kira yoyo. Ɗan hakin da ka raina ne, ba ya nuna kansa a gwajin minti goma. Kuma ka ga dalilin da ya sa kashewa da kunnawa ke "gyara" shi: da zarar manhaja ta mutu, kanel, wato zuciyar Linux, sai ta rufe duk soket ɗin da ta bari, turaku su koma fili. Kawu zai kashe ya kunna, abin ya yi awa huɗu, ya sake mutuwa. A rana ta uku zai cire shi ya ajiye a bukka, ya ce wa abokansa karatun zamani sai a hankali.

Gyaran ba shi da wuya. Buɗe haɗi sau ɗaya lokacin da manhaja ta tashi, yi ta amfani da shi, rufe shi sau ɗaya lokacin da za ta kwanta. Mai zuwa kasuwa ba ya sayen sabon kwalekwale duk mako.

Ƙidayar mai jirgi

To amma manhaja in ta girma, ba mutum ɗaya ke hawa jirgin ba. Sashen da ke duba famfo yana so, sashen da ke tura tes yana so, sashen da ke rubuta rahoto yana so. Wa zai ce an gama?

Dubi yadda mai jirgi ke yi. Ya kawo mutum bakwai kasuwa daga Wara, ya riƙe bakwai a ransa. Duk wanda ya gama harkarsa ya ce "ni na sallame ka", sai ya rage ɗaya. In wani ya zo ya ce "ni ma da kai zan koma", ya ƙara ɗaya. Ba zai kwance igiya ba sai lissafi ya koma sifili. Masu kwamfuta sun daɗe da wannan dabara, George Collins ya bayyana ta tun 1960, kuma ita ce ƙidayar masu riƙe. A laburaren sd-bus, wanda ke cikin systemd na su Lennart Poettering, kuma aka buɗe wa kowa shi a hukumance a siga ta 221 a 2015, sd_bus_ref na ƙara ɗaya, sd_bus_unref na rage ɗaya. In ya kai sifili, a rufe soket, a mayar da memori.

Hanya biyu ake ɓata wannan lissafi, kuma ba su yi kama da juna ba.

Ta farko, wani ya tafi bai yi sallama ba. Ya hau babur ya wuce gida ta hanyar tudu, mai jirgi na nan zaune har dare yana jiran mutum ɗaya da ba zai zo ba. Yoyo ke nan, irin na gonar Kawu. Abin da ke ruɗa sababbin shiga shi ne akwai fasinjojin da ba ka gani. A sd-bus, duk saƙon da ka ƙirƙira yana riƙe da jirgin da aka yi shi dominsa. Duk rajistar da ka yi ta cewa "in an yi sanarwa kaza a kira ni", in ka karɓi tikitinta a hannunka, ita ma tana riƙe da shi. Sai ka ga ka rage naka ɗaya daidai, amma jirgi ya ƙi tafiya, ashe wani saƙon amsa ne ka karanta ka yar ba ka sallama ba. Kuma wurin da aka fi mantawa shi ne hanyar kuskure: kodi ya gamu da matsala a tsakiya, ya fice da sauri ta ƙofar baya, bai bi ta inda ka rubuta sallama ba.

Ta biyu ta fi muni. Wani ya yi sallama sau biyu. Lissafi ya kai sifili alhali akwai mutum ɗaya a cikin kasuwa yana cinikin manja. Jirgi ya tafi. Shi kuma ya dawo da kaya niƙi-niƙi, idonsa na kan waya, ya jefa ƙafa inda ya san jirgi yake. In ya yi sa'a ya faɗa ruwa, kowa ya gani, wato manhaja ta faɗi nan take ka san akwai matsala. In bai yi sa'a ba, wani jirgin daban ne ya zo ya ɗaure a wannan turken, ya loda kayansa a jirgin baƙo bai sani ba. Za mu dawo kan wannan baƙon.

Jirgin shata da jirgin haya

Ga wani wurin da ake yawan zamewa. Ba kowane jirgi da ka hau ne naka ba.

In ka kira sd_bus_open_system, shata ka ɗauka. Naka ne kai kaɗai, kai za ka rufe. In kuwa ka kira sd_bus_default_system, jirgin haya ka shiga. Duk wanda ya yi irin wannan kira a zare ɗaya da kai, wato a reshen aiki ɗaya na manhajar, wannan jirgin dai za a nuna masa, a ƙara ɗaya a lissafi. Wannan yana da kyau, yana rage cin turaku. Amma yana da ladabi: in ka gama, sauka kawai za ka yi da sd_bus_unref. Kada ka kira sd_bus_close, don shi ba ya duba lissafi, yanke igiya yake yi kowa na ciki. Kai ka isa unguwarku, sai ka ce mai jirgi ya kashe inji a tsakiyar ruwa?

Tsohon laburaren libdbus ma haka dokarsa take, har ya fi tsanani. Haɗin da ka samu ta dbus_bus_get na kowa ne, in ka yi ƙoƙarin rufe shi zai yi maka gargaɗi ƙarara. Wanda ka samu ta dbus_bus_get_private kuwa naka ne, kuma wajibi ne ka rufe shi kafin ka saki riƙo na ƙarshe. Akwai kuma wani hali nasa da ke ba mutane mamaki: in tasha ta yanke haɗin, sai ya kashe manhajarka gaba ɗaya, sai fa in tun farko ka gaya masa kada ya yi haka. GDBus na GLib, da ya zo a 2010, shi ma haɗin da g_bus_get ke bayarwa na tarayya ne.

Wannan ya fi shafar ka ranar da ka fara rubuta laburare, wato kodin da wasu za su ɗauka su sa a nasu aikin. Kai baƙo ne a gidan mutane. Kayan aro ka karɓa, ka mayar yadda ka same shi.

Ka kuma tuna sunanka a tasha da jirginka yake rayuwa. In manhajarka ta yi rajistar suna don wasu su riƙa nemanta, ranar da haɗin ya rufe sunan ya tafi, sarkin tasha ya yi shela cewa mai sunan ya tashi. Masu nemanka sai su tarar da wayam.

Abu biyu a gurguje. Jirgin sd-bus na zare ɗaya ne, kada zare biyu su riƙa tuƙa shi a lokaci guda, kuma zare in zai ƙare ya saki riƙonsa da kansa, ba wanda zai yi masa. Sannan in manhaja ta haifi 'ya ta hanyar fork, 'yar ba ta gadon jirgin uwa. In ta taɓa shi, kuskuren ECHILD za ta samu. Ta nemi nata.

Saƙon da bai bar gaɓa ba

Mu koma gona. Ka gyara yoyo, ka ma raba aikin biyu don tsafta: babbar manhaja na zaune tana jiran sanarwa ta tura tes, ƙarama kuma tana tashi ne kawai in famfo ya tsaya, ta buɗe haɗi, ta yi shelar "famfo ya tsaya", ta saki haɗin, ta fita. Lissafi daidai, babu yoyo. Amma Kawu ya sake kira, tes bai zo ba.

A nan sai ka san cewa "na tura" da "ya tafi" ba ɗaya ba ne. Lokacin da sd-bus ya ce maka ya buɗe haɗi, bai gama gaisawa da sarkin tasha ba tukuna. Akwai tantancewa, akwai karɓar lamba. Duk saƙon da ka bayar a wannan tsakanin, a layin jira ake ajiye shi. Kai kuma ka fita nan take. Ka sa wasiƙa a jirgi, ka juya ka tafi, jirgin bai taɓa barin gaɓa ba.

Abin da ya sa wannan ke ɓoyewa shi ne, in kira ka yi mai jiran amsa, dole ka tsaya, har zuwa daƙiƙa 25 in ba ka canza ba, kuma tsayuwar nan ita ke tura komai waje. Amma shela ba ta da amsa, ba abin da zai tsayar da kai. Don haka aka yi sd_bus_flush, wanda ke cewa "ba na motsawa sai duk abin da ke layi ya fita". Aka kuma haɗa matakai ukun a kira ɗaya mai dogon suna, sd_bus_flush_close_unref: tura abin da ya rage, rufe, sannan saki. Jerin nan ba ado ba ne, in ka juya shi ka yi asarar saƙo. Kuma ka riga ka san sharaɗin: a jirgin shata ake yin sa, ko a jirgin haya lokacin da manhajar gaba ɗaya za ta kwanta.

Baƙon da ya ɗaure a turkenka

Na ce za mu dawo kan baƙon nan. Memorin da aka saki ba ya zama fili, nan da nan ake bai wa wani. In kodinka ya ci gaba da amfani da tsohon adireshi, abin da ke wurin yanzu zai karanta, ya ɗauka nasa ne. Misalin da ya fi yawa a harkar tasha: ka yi rajista cewa in sanarwa ta zo a kira aikinka, a miƙa masa bayanan famfo. Daga baya ka goge bayanan, amma ka manta ba ka soke rajistar ba. Sanarwa ta zo, aka kira ka, ka buɗe jakar da ba taka ba. Ƙa'idar ita ce soke rajista tukuna, sannan ka goge abin da take nunawa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu kutse sun ƙware wajen tsara abin da zai zauna a wannan gurbin, yadda manhajarka za ta bi umarninsu tana zaton naka ne. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da take toshewa duk shekara daga matsalar sarrafa memori suke. A 2020 masu Chrome suka faɗi kusan wannan adadi a kan manyan matsalolinsu, suka ce kusan rabin waɗannan matsalolin na memori amfani ne da abin da aka riga aka saki.

Kuma abin ya taɓa zuwa har aljihunka. A 2019 an gano rami a WhatsApp na Android, a sashen da ke buɗe hotunan GIF, inda ake sakin memori ɗaya sau biyu. Da hoton da aka ƙera musamman ana iya amfani da ramin a kutsa, sai da aka toshe shi a siga ta 2.19.244. Ba tashar saƙonni ba ce, amma dangin cutar ɗaya ne: sallama sau biyu. Shi ya sa in waya ta ce ka sabunta manhaja, ka daina cewa datarka.

Yadda za ka kama ɓarawon tun a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka kai aikinka gonar kowa, yi waɗannan.

Buɗe taminal ka rubuta busctl list. Zai jero maka duk wanda ke tasha, da lambarsa da sunan manhajarsa. In ka ga sunan taka sau goma, bayan minti biyar ya zama sha biyar, ka kama shi. Leƙa kuma /proc, ƙarƙashin lambar manhajarka, cikin fd, ka ƙirga abin da ta buɗe. Yawancin tsarin Linux 1024 suke ba kowace manhaja in ba a ƙara ba, kuma adadin da ke hawa ba ya sauka alama ce.

Gudanar da ita a ƙarƙashin Valgrind, ko ka harhaɗa ta da AddressSanitizer. Za su nuna maka layin da ka karɓa ba ka mayar ba, da inda ka taɓa abin da ka riga ka saki. Sannan ka bar ta ta kwana tana aiki. Gwajin minti goma na sitatus ne, gwajin kwana shi ne na gona.

Ka kuma bar yare ya taya ka. A C, GCC da Clang suna da alamar cleanup da za ka liƙa wa abu, da zarar an fita daga wurin ta kowace ƙofa, har ta baya, sai a sallame shi. Masu systemd da kansu haka suke yi. A C++ dabarar RAII ta Bjarne Stroustrup ce ke wannan aiki. Rust, da ta kai siga 1.0 a 2015 ta kuma shiga kanel ɗin Linux a 2022, ta mayar da tambayar "na waye?" doka: a kodinta na yau da kullum, in ka yi amfani da abin da ka saki, ba za ta ma yarda ta harhaɗa ba. Amma ko ita ba za ta san cewa kana da saƙon da bai fita ba, ko cewa buɗe sabon haɗi duk minti wauta ce. Wannan tunaninka ne.

In kuma kana cewa "ni Python nake yi" ko "ni JavaScript ce tawa, mai shara na kwashe min memori", to ka sani mai sharar ba ya ɗaukar abin da wani ke riƙe da shi, kuma ba ya zuwa lokacin da kake so. Haɗi da rumbun bayanai, WebSocket, MQTT, duk jirage ne masu turaku ƙidayayyu. A Android, in ka yi bindService ka manta unbindService, tsarin da kansa zai rubuta maka a rahoto cewa ka yi yoyo.

Saboda haka ɗauki wannan ɗabi'a tun yau. Duk lokacin da yatsanka ya rubuta "buɗe", tsaya, kada ka rubuta layi na gaba sai ka amsa: na waye wannan, wa ke ciki, wa zai kwance, kuma an sauke kaya kafin a kwance? Rubuta amsar a gefen kodin don wanda zai gaje ka, ko don kai kanka bayan wata shida, lokacin da ka manta komai.

A bikin Rigata kowa mai gudu yake kallo, shi ake yi wa tafi. Amma tambayi duk wanda ya girma a bakin ruwa wa yake yarda ya ba shi 'ya'yansa ya ƙetare da su. Zai ce maka wanda ke ƙirga mutanensa kafin ya kwance igiya. Kawu ma bai damu da yaren da ka yi kodi da shi ba. Shi dai in famfo ya tsaya da ƙarfe biyu, wayarsa ta yi ƙara da ƙarfe biyu, yau da gobe da jibi, har a kwashe albasa.